Muryar da Ba a So a Gidansu

Muryarsa ta fara ganewa tun kafin ta ga fuskarsa.

Wata Asabar ce a farkon kaka, ana gasar lardi a filin ƙanƙarar da ke bayan garin Nagoya. Chizuru na zaune a kujerun sama ta lulluɓe gwiwoyinta da bargo, sai ta ji wani a gefenta yana tambaya ko kujerar nan da mai ita. Muryar da ke raka ta a jirgin ƙasa duk safiyar Talata ce, muryar Itsuki Kuwabara, mai shirin "Bakin Fili" da masoya wasan zamiyar ƙanƙara ke saurara a wayoyinsu.

Ta zaci za ta ga wani gabjeje mai ɗaurarriyar fuska. Sai ga siririn saurayi da tabarau, hancinsa ya yi ja saboda sanyi, yana ta hura tafukan hannunsa. Ta janye jakarta ya zauna, can kuma ta ciro ɗan ƙunshin ɗumama hannu ta miƙa masa.

"Duk iya bakin nan naka, ba ka san ana zuwa da safar hannu ba?"

Ya dube ta, ya yi dariya. "An gane ni ke nan. Cikin masu sona kike ko cikin masu son a rufe min baki?"

"Ya danganta da mako," in ji ta.

Gaskiya ta faɗa. Masu sauraron shirin dama kashi biyu ne. Wasu na cewa Itsuki ne kaɗai ke faɗin abin da 'yan talabijin ke tsoron faɗa: in tsalle bai cika juyi ba zai ce bai cika ba, ko da alƙalai sun kau da kai. Wasu kuma na cewa mutumin da bai taɓa wuce gasar makaranta ba bai isa ya yi wa 'ya'yan mutane ba'a ba, kuma ba don Fumika ba, abokiyar gabatarwarsa mai sanyin magana, da tuni sun daina ji. Chizuru na karanta duk wannan cacar bakin a ƙarƙashin kowane shiri, wani lokacin ta sa baki. Sau da yawa ta sha toshe bakinta a cikin jirgi don kada dariyar barkwancinsa ta fito.

A gidansu kuwa ba a kunna shi. Ƙanwarta Kotone 'yar wasa ce, tun tana 'yar mitsitsiya mahaifiyarsu ke tashi da asuba ta kai ta atisaye, ita ke ɗinka mata rigunan gasa da hannunta. Maman ta ce ba ta son ko jin sunan yaron nan marar kunya.

Da aka kira sunan Kotone Hatanaka, Chizuru ta damƙe bargonta. Itsuki ya sunkuyo yana kallo, har aka gama, sannan ya ce a hankali, yarinyar nan kiɗa a jikinta yake, sai dai ƙafarta ta dama kamar ba ta yarda da ita ba.

A nan ya kamata ta ce masa ƙanwarta ce. Maganar ta zo har bakinta. Amma tana jin daɗin yadda yake mata hira ba tare da tauna kalma ba, ta kuma san daga ta faɗa zai soma lallaɓa ta. Tun rabuwar iyayensu ita sunan mahaifinsu take amsawa, Nonomura, Kotone kuma ta koma na uwarsu, don haka ba abin da zai nuna masa. Ta yi shiru, ta ce a ranta wata rana.

Kafin a tashi ya karɓi lambarta, wai don ya rama mata ƙunshin ɗumama hannu.

Da yamma saƙonsa ya shigo: "Shugabar masu sukata, hannuna ya warke. Saura ki faɗa min makon da kika fi tsanata, in gyara."

Ta amsa: "Makon da ka ce rigar wata ta yi kama da labulen otal. Na yi dariya, shi ya sa na tsane ka."

Haka abin ya fara. Ranar Lahadi su haɗu su ci taliyar kishimen a wani ɗan shago kusa da tasha, ko su zaga lambun gefen kogi yana ba ta labarin yadda ya bar wasa yana ɗan sakandare, bayan ya gane ƙaunar abin ta fi ƙarfin ƙafarsa. A waje ba shi da kaifin da ke cikin shirin. Mutum ne mai kunya, mai yawan neman afuwa ko an taka shi. Yana kiranta Chii, ita kuma Mai Baki.

Abin da ke ɗan sosa mata rai shi ne masu sauraro sun daɗe da aurar da shi ga Fumika a bakinsu. Duk dariyar da suka yi tare sai an yanko ta an watsa, a ce ku ji yadda take kiran sunansa. Wata rana ta kasa daurewa ta tura masa ɗaya.

"Mai Baki, ga amaryarka nan mutane sun zaɓa maka. In fara neman rigar biki?"

Ya amso nan take: "Fumika na da wanda take so tun suna jami'a, ni ne ma nake riƙe musu sirri. Ni tawa amaryar tana can tana karanta shirmen mutane maimakon ta yi aikin ofis. Chii, ki bar su su yi ta aurar da muryata. Sauran jikin naki ne."

Ta karanta saƙon ya fi a ƙirga. A ranar ma ta yi niyyar faɗa masa batun Kotone, sai ta ga bai dace ta ɓata daɗin ba.

Shekara ta zagayo. Kotone na ajin ƙarshe a jami'a, wannan ce kakar wasanta ta ƙarshe, kuma burinta ɗaya: ta haye gasar yankin yamma ta taka filin gasar ƙasa ko sau ɗaya kafin ta ajiye takalmi. 'Yan gida kaɗai suka san ƙugunta na dama ya daɗe da lalacewa, da allura take shiga fili. Ta hana a faɗa wa kowa.

Ranar gasar ta faɗi a tsallen farko. Ta tashi, ta faɗi a na biyu. A na ƙarshe sai da ta ja jiki har bango kafin ta miƙe, ta ƙarasa zamiyar tana murmushi, gefen rigarta duk ya jiƙe.

Ranar Talata Chizuru ta sa abin ji a kunne cikin jirgi. Ta yi ta addu'ar ya tsallake sunan. Bai tsallake ba. Cikin muryar nan da take so ya ce, ita kuwa Hatanaka ta share musu ƙanƙarar tas da rigarta, ya kamata masu fili su sallami motar gyara su ɗauke ta aiki, tsintsiya ce mai kyau. Fumika ta ce haba Itsuki, amma da 'yar dariya a muryarta. Suka wuce zuwa ta gaba.

Kafin azahar an yanko maganar an ɗora ta a kan bidiyon faɗuwar. Kafin ƙarshen mako sunan ya bi Kotone: Tsintsiyar Nagoya. Wasu na cewa wannan ne shirinsa mafi ban dariya a bana, wasu na cewa ya wuce gona da iri, amma su ma masu kare ta sai sun maimaita sunan kafin su kare ta.

Akwai wata 'yar gasa da ake yi a garin idan sanyi ya ja baya, inda masu barin wasa ke fitowa su yi zamiyarsu ta bankwana, 'yan kallo su jefa musu furanni. Kotone ta daɗe da zaɓar waƙar da za ta yi zamiya da ita. Ta je ta janye sunanta, ta nannaɗe takalmanta ta cusa a can ƙuryar kabad. Ta ce ba za ta tsaya a tsakiyar fili tana tunanin wa ke dariya a cikin masu tafi ba.

Chizuru ta kwana biyu ba ta ɗaga wayarsa ba. Sannan ta rubuta masa: "Kotone Hatanaka ƙanwata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Da ciwo ta shiga filin nan. Laifina ne da ban faɗa maka ba."

Suka haɗu a lambun gefen kogi. Ya tambaye ta me ya sa, shekara guda cur, me ya sa ta bar shi yana tafiya ido rufe. Ta ce ba ta da amsar da za ta gamsar da shi, ita ma ba ta gamsar da kanta ba.

Can ta ce, "Da na faɗa maka, da ba ka yi maganar ba?"

"Da ban yi ba. Ko kusa."

"To sauran fa, Itsuki? Waɗanda ba su da yayar da kake so?"

Ya sunkuyar da kai. Ita ma ta sunkuyar da kai, don ta san tambayar ba shi kaɗai ta kama ba. Mai rigar labulen otal ma 'yar wasu ce, kuma ta yi mata dariya har da hawaye.

Ta ce masa su dakata. Bai yi musu ba.

A shirin da ya biyo baya ya nemi afuwar Kotone da sunanta, ya roƙi a daina yaɗa bidiyon, bai ambaci Chizuru ba. Sai wutar ta canja hanya. Waɗanda suka fi kowa dariya suka ce ya zama matsoraci, sun zo jin gaskiya ne ba wa'azi ba. Masu sukarsa suka ce afuwar baki ce. Ana cikin haka wani ya fito da hoton da ya taɓa ɗaukarsu a shagon taliya, wani kuma ya gane ta: ai yayar Hatanaka ce, kullum tana gefen uwarsu a gasa. Shi ke nan, aka ce ashe ba nadama ba ce, budurwa yake lallashi.

A bakin iyayen 'yan wasa Maman ta ji. Ta dawo gida ta ajiye jakar cefane, ta kira Chizuru kicin. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi sauƙi. Ta ce ita tana durƙushe tana ɗaure wa Kotone ƙugu, ashe babbar 'yarta na can tana cin taliya da mai yi musu dariya. Ta ce muddin tana raye wannan muryar ba za ta shigo gidanta ba. Daga ranar ta soma yi mata zancen Morishita, likitan ƙashin da ke duba Kotone, mutum mai natsuwa wanda bai taɓa ɓata wa kowa ba. Chizuru ta bi shi shan shayi don ta faranta wa uwarta. Mutumin kirki ne ƙwarai, ya yi ta mata bayanin guringuntsi, ita kuwa tana kallon ƙofa.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne Kotone ba ta yi mata faɗa ba. Tana gaishe ta, tana ce mata Yaya kamar kullum, amma ta daina shigowa ɗakinta ta kwanta a kan gadonta tana surutu.

Duk tsawon sanyin nan saƙo ɗaya Itsuki ya turo: "Chii, ba zan dame ki ba. Zan riƙa zuwa gidanku ranar Lahadi, ba wajenki ba, wajen Mama da Kotone. In an kore ni zan tafi, in sake dawowa. Ki ci abinci."

Ya kuwa riƙa zuwa. Ya danna ƙararrawa, ya faɗi sunansa, ya rusuna a bakin ƙofa. Maman ta leƙa ta ce ba kowa, ya ce ya gode, ya juya. Chizuru na kallonsa ta tagar sama, ba ta taɓa saukowa ba.

Wata Lahadi da Maman ta fita, Kotone ce ta buɗe ƙofar. Ba ta ce ya shigo ba. Ta tsaya ta ƙare masa kallo, ta ce ashe haka yake ɗan ƙarami. Sannan ta ce tunda a gaban mutane ya yi maganarsa, ita ma a gaban mutane za ta ba shi amsa. Ya sa ta a shirin, kuma kada a yanke ko kalma ɗaya.

Ranar da shirin ya fito Chizuru ba ta je aiki ba. Ta kunna shi a kicin, Maman na yanka kabeji ta ba ta baya. Ta ɗauka za a ce ta kashe. Ba a ce ba.

Kotone ta yi magana ba kuka ba fushi. Ta ba da labarin ƙugun, da allurar, da yadda ta san tun a ɗumama jiki cewa ba za ta sauka daidai ba amma ta ƙi janyewa. Ta ce bai yi ƙarya ba, ta faɗi, kuma ko bai ce komai ba wasanta ya riga ya ƙare.

"Amma kai cikin numfashi ɗaya ka gama maganarka ka wuce ta gaba," in ji ta. "Ni kuwa da sunan nake kwana, da shi nake tashi. Shekara goma sha bakwai na yi a kan ƙanƙara, in ka nemi sunana yanzu tsintsiya za ka fara gani. Ku ma masu sauraro, da masu dariyar da masu tausayin, duk kun taya shi."

Sai muryar Itsuki, a dushe, yana tambayar ko akwai abin da zai iya yi. Ya ce zai nemi masu gasar bankwana, zai roƙe su su mayar da sunanta.

"An riga an yi ta makon jiya," ta ce. "Na zauna a gida. Babu abin da za ka yi, Kuwabara. Ka dai riƙa tunawa muna ji."

Wuƙar Maman ta tsaya a kan katako. Sannan ta share ido da bayan hannu ta ci gaba da yanka.

Masu sauraro dai ba su canja hali ba. Wasu suka ce shi ne shiri mafi kyau da aka taɓa yi, wasu suka ce shiryawa aka yi, da yawa kuma suka watse suka koma wani sabon shiri inda ake yanka ba tausayi. Itsuki da Fumika suka ci gaba da waɗanda suka rage. Har yanzu in tsalle bai cika ba yana cewa bai cika ba, sai dai ya daina neman abin da zai sa a yi dariya.

Da yammar ranar da shirin ya fito Kotone ta turo ƙofar ɗakin Chizuru ta faɗa kan gadon.

"Yaya, ni fa ba shi ya fi ba ni haushi ba, ke ce. Da kin faɗa min kina son wani, ko shaiɗan ne da na taya ki ɓoyewa." Ta juya tana kallon rufi. "Ki kira shi. Kin rame kamar sandar rataye riga, shi ma haka. Kuma ki ƙyale bawan Allah Morishita ya huta."

Chizuru ta rungume ta tana kuka, tana ba ta haƙuri. Kotone ta ce ta ɗaga ta, tana danne mata ƙugu.

Ta rubuta masa: "Mai Baki, ranar Lahadi in ka zo kada ka juya da wuri. Zan sauko."

Ya amsa: "Ko shekara za ki yi a kan matakala ina nan, Chii."

Maman kam ba ta sauko daga fushinta da wuri ba. Sai da bazara ta wuce kafin ta bar shi ya cire takalmi ya shigo, sai da aka sake wasu watanni kafin ta zuba masa shayi da hannunta. Ranar da ya durƙusa ya sa goshi a tabarma yana neman auren Chizuru, ta bar shi a haka har shayin ya huce, sannan ta ce ya ɗago, wuyansa zai yi ciwo.

Aka ɗaura auren da kaka a wani ƙaramin wurin ibada na unguwarsu, ganyaye sun yi ja. Chizuru cikin fararen kaya, ita da ango suka kurɓi giyar shinkafa daga ƙoƙo ɗaya kamar yadda ake yi. Fumika ta zo da angonta. Mahaifin Chizuru ya zo daga garin Gifu ya zauna a gefe yana ta share tabarau. Kotone, wadda yanzu ke aiki a wani kamfanin tafiye-tafiye, ita ta fi kowa tsokanar ango. Ba ta sake sa takalmin ƙanƙara ba, ko gasa ba ta kallo, kuma duk sanda Chizuru ta tuna haka sai ta ga laifin kanta. Kalma huɗu ce ta kasa faɗa wa Itsuki a kan lokaci: Kotone Hatanaka ƙanwata ce. Ta san da wannan za ta zauna, cikin daɗi ma yana nan.

Da aka fito ɗaukar hoto, Maman ta matso ta gyara wa Itsuki wuyan rigarsa da ya karkace. Ta yi magana ƙasa-ƙasa, amma Chizuru ta ji.

"Ban manta ba, kuma ba na jin zan manta. Amma na ga zuwanka. Ga ta nan, ka riƙe min ita da kyau, ka yi mata magana mai daɗi ko ran da ta ɓata maka. Ku zauna lafiya, ku tsufa tare."

Itsuki ya rusuna kawai, hawaye na ɗiga a kan tabaransa. Chizuru ta kama hannunsa, Kotone ta ce ango ya share fuska kada ya ɓata musu hoto.

Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a mai albarka, ya kuma sanyaya zuciyar da ba ta samu bankwananta ba.